Sankarar magudanan maɗaci a cikin hanta: me likita ke dubawa kafin ya faɗi yadda ciwon zai kasance?

"Likita, zai tashi kuwa?" Ita ce tambayar farko da dangi ke yi idan aka ce an ga sankara a hantar ɗan'uwansu. Rai a hannun Allah yake, amma likita ba da ka yake amsawa ba. Akwai abubuwa ƙididdigaggu da yake aunawa, kuma ya kamata mara lafiya da masu jinyarsa su san su, domin su riƙa yin tambayar da ta dace a lokacin da ya dace.

Hanta ce ke yin ruwan maɗaci, tana tura shi hanji ta wasu siraran magudanai da suka yi rassa a cikinta kamar saiwar bishiya. Daga bangon waɗannan magudanai ciwon yake tasowa, can cikin naman hanta. Shi ne na biyu wajen yawa a sankarorin da ke farawa daga hanta, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mugun halinsa shi ne shiru. Da yake ƙarin yana nesa da babban magudani, sau da yawa ido ba ya yin shawara da wuri, sai dai rama, kasala, ƙin abinci da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Shi ya sa mutum 2 zuwa 3 kacal cikin 10 ake tararwa ciwonsu bai wuce tiyata ba ranar da aka gano shi.

A nan hanya ta rabu biyu, domin tiyata ce kaɗai ke da damar kawar da ciwon baki ɗaya. Hoton CT ko MRI zai nuna ko ya tsallaka huhu, ƙashi ko tantanin ciki. Idan ya tsallaka, yanka ba ya da amfani. Idan bai tsallaka ba, sai a lissafa hantar da za ta rage bayan an yanke. Lafiyayyar hanta tana buƙatar aƙalla kashi 20 zuwa 25 cikin 100 su rage, wadda ta riga ta ƙanƙance kuwa sai kusan kashi 40. Idan aka yanke fiye da haka, ragowar takan kasa ɗaukar aikin jiki a kwanakin farko bayan tiyata. Wani lokaci akan toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da ya kamu, a jira makonni kaɗan ɓangaren lafiya ya girma, sannan a yi aikin.

Takardar da ta fi kowacce muhimmanci tana fitowa ne bayan tiyata, daga ɗakin gwaji inda ake duba naman da aka cire a ƙarƙashin madubin likita. Mutane da yawa sukan ninke ta su ajiye ba su nemi a karanta musu ba, alhali a cikinta amsar take. Farko, kaluluwa. Akwai ƙwayoyin kaluluwa a ƙofar hanta, kuma ƙa'ida ita ce a ciro aƙalla 6 a duba. Idan aka sami sankara ko da a guda ɗaya ce, ciwon ya hau mataki na 3B (a jerin matakai 1 zuwa 4 da ke nuna nisan da ciwo ya yi) komai ƙanƙantar ƙarin, kuma haɗarin dawowarsa ya ƙaru sosai. Idan takardar ta ce babu komai a kaluluwa amma guda 1 ko 2 kawai aka duba, wannan "babu" ɗin ba ta da ƙarfi. Ku tambaya: nawa aka ciro, nawa suka kamu?

Sai bakin yanka. Idan an rubuta R0, gefen naman da aka yanke tsaf yake. R1 na nufin an ga ƙwayoyin ciwon a daidai inda wuƙa ta bi, wato akwai yiwuwar saura a jiki. Bayan wannan sai yawan ƙarin da girmansa, wanda ake rubutawa da harafin T da lamba. Ƙari guda ɗaya wanda bai wuce santimita 5 ba kuma bai shiga jijiyar jini ba shi ne T1a, mafi sauƙi. Ya wuce santimita 5, T1b ke nan. Da zarar ya kutsa jijiyar jini, ko aka ga biyu ko fiye, ya zama T2. A ganina yawan ƙari ya fi girmansa tayar da hankali, domin ƙananan 'ya'ya kewaye da babban ƙari alama ce cewa ciwon ya riga ya fara tafiya cikin hanta.

Akwai gwajin jini da ake kira CA 19-9, wanda iyakarsa ta lafiya 37 ce. Idan ya yi sama ƙwarai kafin tiyata, ko ya ƙi sauka bayanta, alamar ba mai daɗi ba ce. Sai dai yana ruɗi ta fuska biyu. Toshewar magudani ko kumburinsa kaɗai na iya ɗaga shi ba tare da ciwon ya ƙaru ba, don haka sai a maimaita bayan shawara ta sauka. Sannan kusan mutum 5 zuwa 10 cikin 100 jikinsu ba ya yin wannan sinadari sam, saboda haka nasu zai fito ƙasa ko da ciwon ya yi nisa. Kada a yi murna ko kuka a kan wannan lamba ita kaɗai.

Ƙarfin jikin mara lafiya shi ma ma'auni ne, kuma masu jinya sun fi likita ganinsa. Yana tashi ya yi wanka da kansa? Yana wuce rabin yini a kwance? Wanda ke yawo yana ƙananan ayyuka yakan jure maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, wanda ya fi zama a gado kuwa maganin na iya ƙara kayar da shi. Ku faɗa wa likita gaskiyar wannan, kada ku ƙawata.

Yanzu ga alƙaluma. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata, kusan kashi 20 zuwa 40 cikin 100 ke kai shekara 5. Ciwon yakan dawo wa fiye da rabi, galibi cikin shekara 2 na farko, kuma galibi a hantar da ta rage. Saboda haka ake ba da ƙwayar kemo mai suna capecitabine na wata 6 bayan aiki. Ga waɗanda ciwonsu ya wuce yanka, wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2010, kan sankarar hanyoyin maɗaci gaba ɗaya, ya nuna haɗa magungunan kemo biyu, gemcitabine da cisplatin, ya kai tsaka-tsakin rayuwa wata 11.7, maimakon 8.1 da gemcitabine kaɗai. A 2022 aka nuna ƙara durvalumab, maganin da ke taimaka wa garkuwar jiki ta yaƙi sankara, a kan waɗannan biyu ya sa kusan 25 cikin 100 suka kai shekara 2, maimakon kusan 10.

Kalmar "tsaka-tsaki" ce ke jefa iyalai cikin firgici ba gaira ba dalili. Wata 11.7 ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa. Ma'anarta ita ce, da za a jera marasa lafiyan layi ɗaya, na tsakiya ne ya yi wannan adadi; rabi sun wuce haka, wasu da nisa. Lambar tana bayanin taro ne, ba ta san mutum ɗaya ba. Hatta jadawalin lissafi da likitoci ke zuba girman ƙari, kaluluwa da CA 19-9 a ciki ya ba su kaso, daga tarihin waɗanda suka gabata aka gina shi, kuma yana kuskure.

Abu guda da zai iya sauya hasashen shi ne gwajin ƙwayoyin halittar ƙarin. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 suna da sauyi a ƙwayar halittar da ake kira FGFR2, kuma akwai magani mai suna pemigatinib da aka amince da shi a Amurka a 2020 dominsu. Masu sauyi a wata ƙwayar halitta mai suna IDH1 kuma suna da maganin ivosidenib tun 2021. Don haka tun ranar da aka ɗebi ɗan nama domin gwaji, a nemi a adana isasshe.

Bayan tiyata ana sake hoto kowane wata 3 zuwa 6 a shekara 2 na farko, ko da mutum yana jin garau, domin ƙaramin ƙari da ya dawo a wuri ɗaya ana iya sake yanke shi ko ƙone shi da allura. A guji shan duk wani magani ko haɗi da likita bai sani ba, ragowar hantar ba ta da rarar ƙarfi. Idan kuma ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ga ƙaiƙayi, magudani ne ya toshe. In zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da wannan, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana, domin ƙwayoyin cuta na iya shiga jini cikin sa'o'i. Akan saka ɗan bututu a buɗe hanyar, kuma sai shawarar ta sauka ake iya ci gaba da kemo.