Samar da Jarin Fim Mai Zaman Kansa

Fim mai zaman kansa shi ne wanda aka shirya ba tare da wani babban kamfani ko gidan talabijin ya ɗauki nauyinsa tun daga rubutu har zuwa kasuwa ba. Furodusa ne ke nemo kuɗin, shi ke ɗaukar ma'aikata, kuma shi asara ke hawa idan fim ya kwanta. A Amurka ana amfani da sunan ne don bambanta ƙananan masu shirya fim da manyan kamfanonin Hollywood. A ƙasar Hausa kuwa kusan duk fim ɗin da ya taɓa shiga kasuwa da kuɗin ɗaiɗaikun mutane aka yi shi, don haka maganar neman jari ta shafi kowa a sana'ar. Ta fi matsa wa wanda ke zaune a gari irin Bauchi, inda akwai 'yan wasa da wuraren ɗaukar hoto, amma manyan jarumai da masu sayen fim suna Kano, Kaduna da Jos.

Zamanin kwali

Fim ɗin bidiyo na Hausa da aka fi ambata a matsayin na farko a kasuwa shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na lokacin da karo-karo suke aiki, a ari kyamara, kowane ɗan wasa ya zo da tufafinsa. Kafin sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999, akalar harkar ta riga ta koma hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata.

Tsarin da suka kafa ya daɗe yana ci. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalaye dubbai, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su za su gurza a nasu kasakasan, su saka a kwali, su rarraba wa 'yan sari daga Bauchi, Gombe, Maiduguri, har Nijar da Kamaru. Haƙƙin furodusa a kan kwali yake: yawan kwalin da ya fita shi ne yawan kuɗinsa, kuma galibi sai an sayar ake biyansa, wanda ya yi kwantai a dawo masa da abinsa. Daga baya wasu 'yan kasuwar suka riƙa ba da kuɗin aiki tun kafin a ɗora kyamara, suna kuma faɗin jarumin da za a sa da yawan waƙoƙin da suke so.

'Yan fim kan tuna wannan zamani da ƙorafi, kuma suna da hujja. Sai dai yana da abu ɗaya da aka rasa daga baya: mai shirya fim ya san ƙofar da kayansa za su bi tun bai fara ba. Faifan sidi ya gaji kaset ba tare da tsarin ya sauya ba. Wayar hannu da katin memori ne suka rushe shi. Da masu tura fim a waya suka cika bakin kasuwanni da tashoshin mota, sai cinikin faifai ya durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, 'yan kasuwar da ke zuba jari kuma suka koma wasu sana'o'in. Daga nan neman mai kuɗi da neman mai saye duka suka dawo wuyan furodusa.

Takardar tsarin kasuwanci

Ita ce takardar da furodusa ke miƙa wa wanda yake so ya zuba kuɗi. Ta bambanta da rubutun labari. Labarin kan samu shafi ɗaya ne kacal a cikinta, sauran duk lissafi ne: nawa aikin zai ci, su wa za su kalla, ta wace hanya, wa zai biya, yaushe uwar kuɗi za ta dawo, wa kuma zai fara ɗauka. Ana haɗawa da sunayen darakta da jaruman da suka amince, da jadawalin aiki, da bayanin kamfanin da zai riƙe kuɗin.

Rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, ta yi sauƙi tun bayan dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai. Amfaninta a nan shi ne a buɗe asusun banki da sunan aikin, kuɗin fim ya daina cuɗanya da kuɗin cefane. A ƙasashen da harkar ta kafu, kowane fim da nasa kamfanin ake yi masa, don kada bashin wani ya cinye ribar wani.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne wajen hasashen ciniki. Mai rubuta takarda yakan ɗauko fim ɗin da ya fi kowanne tashe a shekarar ya auna nasa da shi. Masu zuba jari da suka san harkar sun fi son a nuna musu lissafi hawa uku: idan an yi sa'a, idan an tashi tsaka-tsaki, da idan kasuwa ta ƙi. Na ukun ne suke fara karantawa.

Kasafin aiki daga Bauchi

Ana raba kasafin fim gida biyu. Na sama ya ƙunshi kuɗin marubuci, darakta, furodusa da manyan jarumai. Na ƙasa ya ƙunshi duk sauran: masu ɗaukar hoto da sauti, hayar kyamara da fitilu, kwalliya, sutura, mota, masauki, abinci da man janareto.

A Bauchi gidan ƙasa ne ke kumbura. Idan an ɗauko jarumi daga Kano, tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma ban da kuɗin aikinsa akwai na mota da otal da na wanda ya rako shi. Jos ta fi kusa, kimanin kilomita 130, kuma a nan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take, tare da makarantar koyon fim da ke ƙarƙashinta, shi ya sa ake samun ƙwararrun ma'aikata da kayan haya a garin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki farashin naira a watan da ya biyo, sufuri da janareto da duk wani kayan aiki da ake shigowa da shi daga waje suka yi tsada, har kasafin da aka rubuta watanni shida baya kan buƙaci sabon lissafi.

Abin da Bauchi ke da shi kyauta ko da araha shi ne wuri. Akwai duwatsun Dass da na kewayen birnin, da tsofaffin unguwanni, da kasuwanni irin su Wunti da Muda Lawal, ga dajin Yankari da ruwan Wikki. Amma Yankari ta haura kilomita 100 daga birni, sai da izini da biyan kuɗi ake aiki a cikinta, kuma kwana ɗaya da tawagar mutum talatin a can na iya cinye abin da za a kashe a kwanaki da dama cikin gari. Yanayi ma lissafi ne. Ruwan Yuli da Agusta yakan tsayar da aikin waje alhali ana ci gaba da biyan masauki, hazon hunturu kuma yana dusashe hoto.

Kowace rana a lokeshan kuɗi ce, don haka ake jera fitowa bisa wuri da jarumi maimakon bin labari daki-daki: a gama duk abin da ya shafi gida ɗaya kafin a tashi, a tattara fitowar babban jarumi cikin kwana uku ko huɗu a sallame shi. Al'adar sana'ar a duniya ita ce a ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi don abin da ba a zata ba. Kuɗin tace hoto, haɗa sauti, fassara a ƙasan allo, rajista da hukumar tace finafinai da talla su ma a ware su tun farko a kulle. Finafinai da yawa a kwamfutar edita suke maƙalewa, saboda an cinye kuɗin gamawa a lokeshan da fatan wani zai kawo ɗauki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda jarin ke fitowa

Mafi yawan ƙananan finafinai da ajiyar furodusa, kwasar adashi da gudummawar dangi ake fara su. Sai kuma attajirin da ke sha'awar harkar, wanda wani lokaci bukatarsa ta wuce riba, yana so a sa ɗansa ko a ambaci sunansa. Irin wannan kuɗi yana zuwa da sauri, rigimarsa ma haka, domin ba kasafai ake rubuta komai ba.

Gwamnatin Tarayya ta sha fito da tallafi. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 a shirin Project ACT Nollywood, don horo da shirya fim da rarrabawa. A 2015 Bankin Masana'antu ya buɗe NollyFund da naira biliyan 1. A 2019 Babban Bankin Nijeriya tare da bankunan kasuwanci suka fito da rancen masu fasaha, wanda ya tanadi har naira miliyan 30 don shirya fim a kan kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Galibinsu sun nemi kamfani mai rajista da tsarin kasuwanci a rubuce, kuma a nan ne ƙananan furodusoshi da yawa suka tsaya tun ba a kai ga duba labarinsu ba.

Rancen banki yana da wata matsalar a Arewa: mutane da dama ba sa taɓa kuɗin ruwa saboda addini. Fiƙihun ciniki ya tanadi mafita biyu da suka dace da fim. A mudaraba, ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuma ta hau mai dukiya matuƙar mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. A musharaka kowa ya zuba jari, asara ta bi gwargwadon abin da kowa ya zuba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, a kan irin waɗannan ƙa'idoji suke, ko da yake mutum biyu na iya ƙulla su a tsakaninsu gaban shaidu ba tare da banki ba.

Akwai kuma tallan kaya a cikin fim, inda mai shago, makaranta ko otal zai biya ko ya ba da wuri da abinci kyauta. Wannan na rage kasafi sosai ko da ba a karɓi ko kwabo a hannu ba. Ƙungiyoyin raya ƙasa kan biya a shirya wasan wayar da kai a kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata; kuɗinsu tabbatacce ne, amma su ke da ta cewa a kan saƙo, kuma suna bin rasit ɗaya bayan ɗaya.

Inda kuɗin ke dawowa

Sinima ba ta da ƙarfi a Arewa maso Gabas, don haka wanda ya gina lissafinsa a kanta sai ya shirya kai fim Kano ko Abuja, ya kuma tuna cewa gidan sinima da mai rarrabawa da haraji za su ɗebi nasu kafin ya ga komai. Tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Africa Magic Hausa suna karɓar fim na wani wa'adi. Manyan kamfanonin intanet na waje ba abin dogaro ba ne. A Janairun 2024 Amazon ta sanar da dakatar da ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka.

YouTube ce ta zama babbar kasuwar fim mai dogon zango. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan mai tasha ya riƙa karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan. Farashin talla ya danganta da ƙasar mai kallo, kuma na Nijeriya da Nijar ƙasa yake da na Ingila ko Amurka, saboda haka yawan kallo kaɗai ba ya nuna abin da zai shigo. A matsayin misali kawai: idan zango mai kashi 13 ya ci naira miliyan 13, kowane kashi sai ya dawo da miliyan 1 kafin a fara maganar riba. Idan tashar talabijin da masu tallan kaya a cikin fim sun rufe dubu 600 a kowane kashi, sauran dubu 400 ne ake jira daga YouTube, kuma biyan nata wata-wata yake zuwa, a lokacin da ma'aikata ke jiran kuɗin zango na biyu.

Rabo da mallaka

Tsarin da aka saba da shi a Amurka shi ne a fara cire kuɗin rarrabawa da basussuka, masu jari su karɓi uwar kuɗinsu da ƙarin kimanin kashi 20 cikin ɗari, sannan a raba ragowar biyu tsakaninsu da masu shiryawa. Ba dole a kwaikwayi alƙaluman ba, amma jerin wanda zai fara ɗauka ya kamata ya kasance a rubuce da sa hannun shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta a kan bashi.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Mai neman haka sai ya iya nuna cewa aikin nasa ne, wato yana da takardar da marubuci ya sallama masa labari, da ta mawaƙi da mai kiɗa, da ta 'yan wasa. Tashoshin talabijin ma kan nemi waɗannan takardu kafin su biya. Yarjejeniya ta kuma fayyace wanda ya mallaki tashar YouTube ɗin da za a ɗora fim, domin asusun da aka haɗa da ita ne kuɗi ke shiga, kuma fim ɗin da aka ɗora a tashar wani yakan ci gaba da kawo kuɗi shekaru bayan abokan aikin sun rabu.