Gongyzo (γογγύζω)

Gongyzo aikatau ne na tsohon Girkanci da ke nufin yin gunaguni, wato ƙorafi ƙasa-ƙasa, irin wanda mai yinsa ba ya son a ji shi sarai. Kalmar kwaikwayon sauti ce. A rubutun Girkanci, harafin gamma biyu a jere ana furta su "ng", don haka kalmar tana fita kamar "gonguzo", kuma kunnen Bahaushe zai ji kamanninta da "gunaguni" nan take, ko da yake babu dangantakar asali tsakaninsu.

Siffar da ƙamus ke kawowa, γογγύζω, tana nufin "ina gunaguni", domin Girkanci yana ɗora mai aiki a ƙarshen aikatau. A shuɗaɗɗen lokaci ana sa ἐ- (e-) a farkon kalmar: ἐγόγγυσα, "na yi gunaguni", da ἐγόγγυζον, "na yi ta gunaguni". Wannan ta biyun ta fi dacewa da halin kalmar, don gunaguni abu ne da ake ta nanatawa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙananan kalmomin da ke biye da ita. Da κατά (kata), ana gunaguni ne gāba da wani, kamar ma'aikatan gonar inabi da maigidansu a Matiyu 20:11 cikin Sabon Alkawari, sashe na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kirista. Da περί (peri), magana ce a kan wani, kamar a Yohanna 6:41. Da πρός (pros) kuwa, ƙorafin ya isa kunnen wanda ake yi wa, kamar a Luka 5:30. A Yohanna 7:32 ma babu fushi a ciki, raɗe-raɗin jama'a ne kawai.

Masu tsantsar Girkancin Atina ba su yi na'am da ita ba. Frinikus, masanin nahawu na ƙarni na 2 miladiyya, ya ce kalmar mutanen Iyoniya ce, wato Girkawan gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, ya fi son τονθρύζειν (tonthryzein), wata kalmar da ita ma ke nufin yin gunaguni. Amma Girkancin gama-gari ya karɓe ta. Masu fassarar Attaura zuwa Girkanci sun yi amfani da ita wajen gunagunin Bani Isra'ila a jeji, kuma ta zo sau 8 a Sabon Alkawari. Daga gare ta aka samu γογγυσμός, gunaguni, da γογγυστής, mai gunaguni, da διαγογγύζω, gunagunin da ya bazu cikin taro.