"Risaiz": aiki uku da ake kira da suna ɗaya

Tun da koyar da zanen fasta ya koma TikTok da rukunonin WhatsApp, kalmar "risaiz", wato sauya girman abu, ta zama ruwan dare. Kowa sai ya ce "ka yi risaiz ɗinsa kawai". Abin da ke ba ni haushi shi ne ayyuka uku ne daban-daban ake jingina wa sunan nan, masu koyarwar kuma ba sa rarrabewa.

A manhajar gyaran hoto ta Photoshop, Image Size girman aikin gaba ɗaya yake sauyawa, komai ya tafi tare. Canvas Size kuwa filin kaɗai yake ƙarawa ko ya datse, abin da ke kansa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Na ukun, wanda galibi shi ake nufi, shi ne Free Transform da ake kira da Ctrl+T, kuma leyar da aka zaɓa kaɗai yake taɓawa (leya ita ce shimfiɗa ɗaya daga cikin waɗanda ake jerawa bisa juna su haɗa zane). A nan ake yin ɓarna.

Ɗauki fastar ɗan takara: hotonsa leya ɗaya, tambarin jam'iyya leya ɗaya, sunansa da takensa kowanne da tasa. Wanda ya ba da aikin ya ce a matse su gefe don a samu wurin hoton mataimaki. Sai yaro ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana ja da ido. Tambari ya ragu da rabi, suna ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, tazarar da ke tsakaninsu ta wargaje. Alhali riƙe Ctrl zai yi ya danna leyoyin da yake so, ko ya zuba su a rukuni da Ctrl+G, sannan ya danna Ctrl+T. Akwati ɗaya zai kewaye su duka, su ragu tare, tazararsu na nan daidai gwargwado. Ba sabon abu ba ne. Leya ta shigo Photoshop a 1994, zaɓen leyoyi da yawa lokaci guda kuma tun fitowar Photoshop CS2 a 2005. Masu GIMP, wata manhajar gyaran hoto ta daban, su ne suka sha jira, suna ɗaure leyoyi da alamar sarƙa, sai fitowar GIMP 3.0 a Maris 2025.

Fuskokin nan da kake gani a bango an miƙe su kamar an ja roba, suna da nasu dalili. A da sai ka riƙe Shift tsawo da faɗi ke tafiya tare. Daga fitowar Photoshop CC 2019 kamfanin Adobe mai manhajar ya juya abin: yanzu riƙe Shift ɗin ne ke ɓata siffar hoto. Wanda ya koya a tsohon bidiyo yana aiki da sabuwar manhaja, shi ke nan Alhaji ya yi kumatu.

Sai wanda ko malaman ba sa faɗa. Rage leyar hoto zubar da ɗigoginta ne. Hoto mai faɗin fiksel (wato ɗigo) 2000 idan ka mai da shi 200 ka danna Enter, kashi ɗaya cikin ɗari na ɗigogin ya saura. Gobe a ce a ƙara girmansa, manhaja cike gurbi za ta yi da kintace, hoton ya fito dishi-dishi. Rubutun da ba a mai da shi hoto ba, wannan ba ya shafarsa, shi ya sa za ka ga suna tar, fuska kuwa hazo. Maganin shi ne a zaɓi leyoyin a mai da su Smart Object, wato leyar da ke killace asalin abin da aka sa mata, kafin a taɓa su, asalin yana ajiye a ciki, a rage a ƙara yadda aka ga dama.

Wannan ma yana warware wata matsalar. Inuwa da layin gefe da aka sa wa rubutu ba sa bin Ctrl+T. Ka rage suna zuwa rabi, layin gefensa yana nan da kaurinsa na da, har ya haɗiye haruffan. A cikin Smart Object kuwa tare suke raguwa. Ni a ganina duk darasin da ya koyar da Ctrl+T bai ambaci wannan ba, rabin darasi ne, ko nawa aka biya.