Fitar Ayarin Masu Babura a Ƙarshen Mako

Fitar ayarin babura wata ɗabi'a ce ta masu hawan babur don sha'awa, inda suke haɗuwa a wurin da suka yi alkawari, galibi da sanyin safiyar Asabar ko Lahadi, su ɗauki hanya tare zuwa wani wuri mai ɗan nisa, su yada zango, sannan su juyo gida. Tafiyar ce kanta abin nema, shi ya sa sukan ƙyale miƙaƙƙen titi su bi hanyar karkara mai yawan kwana da hawa da gangara. Ayarin yakan kama daga mutum uku ko huɗu har zuwa ɗaruruwa, kuma wani kaso mai tsoka na yinin a tsaye ake cinye shi, ana zagaya baburan juna ana dubawa ana tambaya.

Asali

Tun babur yana sabon abu masu shi suka fara neman juna. A 1894 ne kamfanin Hildebrand & Wolfmüller na Jamus ya fara ƙera babura don sayarwa, kuma a farkon shekarun 1900 ƙungiyoyin mahaya sun riga sun bayyana a Ingila da Amurka. A wancan zamani fita cikin ayari larura ce, domin inji ba shi da tabbas, yawancin hanyoyi ba kwalta, wanda babur ya mace masa a daji kuwa ba shi da mai agaji sai ɗan'uwansa mahayi. Wasu daga cikin manyan tarukan da ake ji da su a yau sun samo tushe ne a shekarun 1930. Na Daytona a jihar Fulorida ta Amurka ya faro ne da tseren da aka fara a 1937, na garin Sturgis a Dakota ta Kudu kuma ƙungiyar Jackpine Gypsies ce ta assasa shi a 1938, kuma yanzu yana tara dubban ɗaruruwan mutane a kowane watan Agusta.

A Landan, wurin da ya fi shahara shi ne Ace Cafe, wani gidan shan shayi da cin abinci wanda aka buɗe a 1938 a bakin titin North Circular. A shekarun 1950 da 1960 matasa sukan yi dandazo a ƙofarsa da baburan da suka rage wa nauyi suka kuma sauke wa hannu ƙasa, burinsu kuwa shi ne babur ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. An rufe wurin a 1969, aka sake buɗe shi gaba ɗaya a 2001. Daga baya kamfanoni suka gane ribar da ke cikin abin, inda a 1983 Harley-Davidson ya kafa wa masu sayen baburansa ƙungiya mai rassa a wajen dillalai. Akwai kuma fitar da ake yi don tara gudummawa, irin Distinguished Gentleman's Ride da Mark Hawwa ya fara a Sidni ta Ostiraliya a 2012, wadda mahayanta ke cin ado da kwat suna tara kuɗi don kula da lafiyar maza.

Abin da ke jan mutane

Hawan babur aiki ne na kaɗaici. Kan mahayi yana cikin hular kwano, iska tana kaɗawa a kunnensa, hannun dama yana kan totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci, ƙafar hagu tana canza giya, ta dama tana jiran birkin baya. Babu gaɓar da ke hutawa, kuma hankali ba ya samun sararin komawa kan bashi ko rigimar wurin aiki, wanda shi ne hutun da mahaya da yawa suke cewa suna nema. Sai dai abin da mutum ya ji a jikinsa a wannan hali, kamar yadda babur ke kwantawa a kwana, ko sanyin da ke bugun ƙirji idan an gangara kwari, yana da wuyar bayyanawa ga wanda bai taɓa hawa ba. Ayari yana samar wa mahayi waɗanda suka bi kwanar da ya bi a minti ɗaya da shi, ta yadda idan aka tsaya aka cire hula, rabin magana ta isa kowa ya gane abin da ake nufi.

Akwai kuma daɗin ido. Wanda ke tsakiyar layi yana ganin baburan gabansa suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya a kwana, idan ya dubi madubi kuma ya ga jerin fitilu suna biye da shi. Sabon shiga yana koyon inda ake rage gudu da inda ake buɗe totur ta hanyar bin sawun wanda ya ƙware, idan taya ta yi faci kuma ba zai rasa mai kayan gyara a cikin jama'a ba. Hular kwano da rigar fata suna kuma rufe bambancin matsayi, domin likita da bakanike da ɗalibi duk kama ɗaya suke yi a kan hanya. Ko mahayan da ba su san juna ba sukan gaisa idan sun yi kiciɓis. A ƙasashen da ake tuƙi ta dama ana sauke hannun hagu a miƙa yatsu biyu, tunda na dama ba ya barin totur, a Ingila kuwa, inda ake tuƙi ta hagu, gyaɗa kai aka fi yi.

Duba baburan juna

Mota tana ɓoye injinta a ƙarƙashin murfi, babur kuwa yawancin kayansa a fili suke, don haka duk wanda ya san kan abin yana iya karanta halin mai shi daga jikinsa. Da an kafe babura a jere, inji yana ƙas-ƙas yana hucewa, sai a ga wani ya tsuguna a gindin tayar baya yana duba gefenta. Idan akwai wani siririn layi da bai taɓa shafar kwalta ba, an san mai babur bai cika kwantar da shi a kwana ba, kuma daga nan zolaya take tashi. Wani yana duban sarƙa ko ta sha mai ko ta yi tsatsa, wani yana nuna inda bakin salansa ya rine ya koma shuɗi saboda zafi. Kusan babu babur ɗin da ke zama yadda ya fito daga kamfani, domin an canza masa madubi, ko kujera, ko fenti, ko salansa, kuma kowane canji yana da labarin inda aka samo kayan da daren da aka kwana ana ɗaurawa. Sau da yawa tsohon babur da mai shi ya tayar da hannunsa ya fi tara jama'a a kan sabo fil mai tsada, domin sabon kuɗi kawai ya ci, tsohon kuwa ya ci haƙuri.

Daga ido sai kunne. Akan roƙi mai babur ya tayar da shi a ji, kuma gwanaye suna gane inji daga muryarsa ba tare da sun waiwaya ba. Injin Harley-Davidson na gargajiya silinda biyu ne masu kusurwar digiri 45 a tsakaninsu, kuma ba sa tashi a tazara ɗaya, ɗaya yana biyo ɗaya bayan digiri 315 na juyin injin, sannan a jira 405, wanda shi ke ba shi wannan bugun mai kama da ɗingishi. Kamfanin ya nemi a yi masa rajistar wannan sauti a matsayin tambarinsa a 1994, ya janye neman a 2000. BMW kuwa tun 1923 yake ƙera injin da silindansa biyu ke leƙowa dama da hagu, yayin da Honda CB750 na 1969 ya yaɗa inji mai silinda huɗu a jere, mai siririyar murya idan ya ɗauki wuta. Duban yana da ladabinsa: ba a hawa babur ɗin wani, ba a ma taɓa shi sai da izini, kuma raina ƙaramin babur a gaban mai shi abin kunya ne ga mai rainin.

Tsarin tafiya da haɗarinta

Ayarin da ya san abin da yake yi yana da madugu a gaba, wanda ya san hanya yake kuma tsayar da gudu, da wani gogagge a can baya mai lura da wanda ya samu matsala. A miƙaƙƙiyar hanya ana jeruwa ne a karkace, wannan a gefen hagu na layi, mai bi masa a gefen dama, kowa yana barin tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke gabansa kai tsaye. Idan aka shiga kwana sai a koma layi ɗaya. Ana isar da saƙo da hannu ko da ƙafa daga gaba zuwa baya, misali a nuna rami ko yashi a kan kwalta. Masu koyar da tuƙi suna ba da shawarar kada rukuni ya wuce mutum biyar zuwa bakwai, domin idan layi ya yi tsawo, ɗan ƙarin gudun da madugu ya yi yakan tilasta wa na baya su yi gudun da ya fi nasa nesa ba kusa ba kafin su cim masa. Sau da yawa haɗarin ayari daga nan yake fitowa, wato mahayi ya ji kunyar a bar shi a baya ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa.

Mazauna hanyoyin da ayari ke so ba kullum suke maraba da shi ba, domin salansar da ake yabawa a zango ita ce ke hana su sakat ranar hutu. A jihar Tirol ta Ostiriya, tun 2020 aka hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 a ma'aunin ƙarfin sauti bin wasu hanyoyin tsaunuka a watannin da aka fi fita.