Sarrafa siginar jairoskof a na'urar nuna hanya ta mota

Jairoskof na'ura ce da ke auna juyawa. A mota, aikinta shi ne ta gaya wa kwamfutar nuna hanya cewa motar ta karkata dama ko hagu da kuma saurin karkatar, wato digiri nawa a sakan ɗaya. Léon Foucault ɗan Faransa ne ya raɗa mata sunan a 1852, a lokacin faifai ne mai juyawa da ƙarfi. Ta cikin motocin yanzu kuwa ba ta da faifai ma kwata-kwata, wani ɗan mitsitsin silikon ne a cikin cif, wato ƙaramar ƙwayar lantarki, da ake sa shi yana karkarwa sau dubbai a sakan, da zarar mota ta sha kwana sai ƙarfin da ake kira Coriolis ya ɗan tura shi gefe.

Wannan turawar ƙarama ce ainun, shi ya sa aikin lantarkin ya fi komai muhimmanci. Motsin yana canza yawan cajin da ke tsakanin wasu ƙananan faranti, sai amfilifaya ta ƙara wa siginar ƙarfi, sai a raba siginar juyawa daga ta karkarwar da aka sa wa silikon ɗin tun farko, a tace hayaniyar girgizar inji da ta ramukan hanya, sannan a mayar da ita lambobi yadda kwamfuta za ta iya lissafi da ita.

Matsalar dai jairoskof ba ta faɗin inda mota ta dosa, saurin juyawa kawai take bayarwa, dole sai kwamfuta ta riƙa tara lambobin nan ɗaya bayan ɗaya kafin ta san alƙibla, kuma duk kuskuren da ke ciki tare ake tara shi. A ce mota na tsaye cak amma na'urar tana nuna digiri 0.1 a sakan, to cikin minti ɗaya an kauce da digiri 6, cikin minti goma digiri 60 kenan, ga shi kuma zafi da sanyi suna canza wannan kuskuren. Gaskiya a nan ne ake gane ingancin na'ura, a yadda take kama kuskurenta.

Dabara mafi sauƙi ita ce duk lokacin da mota ta tsaya, abin da jairoskof ta nuna a sannan kuskure ne zalla, sai a auna shi a riƙa cirewa. Babbar dabarar kuma ita ce matatar Kalman, lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi amfani da shi har a kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata. Tana haɗa bayanan jairoskof da na GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, da saurin tayoyi, tana ba kowanne nauyi gwargwadon yadda za a yarda da shi a wannan lokacin. Idan GPS yana da kyau sai ta gyara jairoskof da shi, idan mota ta shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen benaye sigina ta ɗauke, sai jairoskof da tayoyi su riƙe lissafin har a fito.

Tun kafin GPS ya shigo motoci ma an gwada wannan. A 1981 kamfanin Honda ya fitar da na'urar nuna hanya mai suna Electro Gyrocator a Japan, mai amfani da iskar hiliyom wajen jin juyawa, direba kuma yana ɗora taswirar leda da ake iya gani ta cikinta a kan allo ya daidaita ta da hannu.