Tallafin Fim Daga Waje da Dokar Kuɗin Haram: Abin da Doka Ta Hana da Wanda Ba Ta Hana Ba

Wata magana tana yawo a tsakanin matasan Sakkwato masu shirya finafinan dokumentari, cewa duk wanda ya karɓi tallafi daga ƙasar waje don yin fim a kan rayuwar Musulmi, ko a kan makarantun allo ne, ko majemar fata, ko masu ziyarar Hubbaren Shehu, to ya jawo wa kansa EFCC. Shawarar da ake haɗawa da wannan magana ta fi ta muni, wato a rarraba kuɗin a asusun 'yan'uwa da abokai, ko a karɓe su hannu da hannu ta wajen 'yan canji, don kada banki ya lura.

Dokar da ake tsoro ita ce Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, ta maye gurbin ta 2011. Ta shafi kowa: mutum ɗaya, kamfani da banki. Babu inda ta haramta karɓar tallafi daga waje, kuma babu ruwanta da abin da fim ya ƙunsa ko addinin waɗanda aka ɗauka a ciki, domin tace fim aikin wata hukuma ce dabam. Masu ba da irin wannan tallafi, kamar asusun IDFA Bertha da ke Amsterdam da asusun Hot Docs-Blue Ice na Kanada, sanannu ne da ke aiki a fili, da takardar yarjejeniya da kasafin kuɗi.

Inda ruɗanin ya samo asali shi ne Sashe na 3, wanda ya ce kuɗin da ya shigo ko ya fita daga ƙasar nan, idan ya haura dala 10,000, sai an sanar da NFIU, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, da Babban Banki a rubuce cikin kwana ɗaya. Da mutane suka ji "a sanar", sai suka ɗauka tuhuma ce. Alhali kuwa idan kuɗin ya biyo ta banki, bankin ne ke aika wannan rahoto, kamar yadda yake aikawa a kan ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Dubai, haka kuma yake kai rahoton duk wata mu'amala da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani cikin kwana 7. Abin da ya rage wa mai fim shi ne ya amsa idan an tambaye shi daga ina kuɗin suka zo, kuma me za a yi da su. Takardar yarjejeniyar tallafin ta isa amsa. Ko da an ga abin zargi, umarnin dakatar da mu'amala da hukuma za ta bayar ba ya wuce awa 72, sai dai idan kotu ce ta ba da izinin ƙari.

Wanda ya bi shawarar ɓoyewa kuwa, shi ne ya faɗa cikin abin da yake gudu. Sashe na 2 ya hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba, kuma ya hana a tsinka mu'amala ɗaya gida-gida da nufin kauce wa rahoto. Hukuncin karɓar tsabar da ta wuce ƙa'ida tarar naira miliyan 10 ce, ko ɗaurin aƙalla shekara 3, ko duka biyun, ko da kuwa kuɗin halal ne tsantsa. Wanda kuma ya shigo da tsabar da ta haura dala 10,000 ta iyakar Illela bai bayyana wa kwastan ba, zai iya rasa kuɗin, ko a ɗaure shi aƙalla shekara 2. Ɗaurin shekara 4 zuwa 14 da ake ta ambato don tsorata mutane na wanda ya sarrafa kuɗin da aka samu ta hanyar laifi ne, kuma tallafin fim mai takarda ba ya cikinsu.

Akwai wuri guda da ya kamata mai fim ya yi hattara ƙwarai. Tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, biyan su kuɗi don a samu damar ɗaukar hoto a dazukan Isa ko Sabon Birni zai iya shiga ƙarƙashin dokar ta'addanci, wadda hukuncinta ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba.

Duk da haka, ba za a ce dokar ba ta takura wa ƙananan masu sana'a ba. Iyakar naira miliyan 5 tana nan yadda take tun 2011, lokacin da ta haura dala 30,000, yau kuwa ba ta kai dala 5,000 ba, har kyamara ɗaya mai kyau da gilasanta za su iya cinye ta. Mai fim da ke aiki a ƙauyukan da babu banki, yana biyan direba da masauki da masu yi masa jagora da tsaba, shi ya fi jin nauyin wannan ƙa'ida, kuma ya dace Majalisar Tarayya ta sake duba adadin. Kafin a kai ga haka, kuɗin su shigo ta asusu ɗaya, wanda ya fi dacewa ya kasance na kamfanin da aka yi wa rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a kai wa banki kwafin yarjejeniya tun kafin su iso, a kuma riƙa ajiye rasit na kowane biya, ko da rubutun hannu ne da sa hannun wanda ya karɓa.