Shin KGB ce ta gina Lubyanka?

An daɗe ana cewa ginin Lubyanka da ke birnin Mosko, tsohuwar hedikwatar KGB (hukumar leƙen asiri ta tsohuwar Tarayyar Soviet), hukumar ce ta gina shi don tsare mutane. Ba abin mamaki ba ne, ganin irin tsoron da sunan wurin ya riƙa jefawa a zukatan jama'a.

Sai dai ginin ya girmi hukumar nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarun 1890, zamanin sarakunan Rasha, wani kamfanin inshora mai suna Rossiya ya gina shi don samun kuɗin haya: shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Bayan juyin juya halin 1917 gwamnati ta ƙwace kamfanonin inshora, ginin kuma ya koma hannun 'yan sandan ciki na Cheka. Ita KGB sai a 1954 aka kafa ta, aka rushe ta a 1991.

Batun kurkuku kam gaskiya ne, an tsare mutane da dama a ciki, musamman zamanin mulkin Stalin, shugaban Tarayyar Soviet. Fuskar ginin ma an sauya ta: an faɗaɗa shi a shekarun 1940, aka daidaita gabansa a shekarun 1980, shi ya sa yake kama da ofishin gwamnati tun asali.

Tantance irin wannan ba wuya. A gwada shekarar da aka yi gini da shekarar da aka kafa hukumar, sannan a nemi tsofaffin hotuna da taswirorin birnin a intanet.

Don Allah a tura wa masu sha'awar tarihi.